Ranar da Macen Ta Yi Rawaya

Ta kamo kifayen biyu daga tankinsu na gilashi ta zuba a bokiti. Ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, amma shekara biyu mijinta yana yi musu hidima kamar su suka haife shi. Daga Kudancin Amurka irinsu ya fito, in ji shi, kuma ruwan famfo ba ya karɓarsu, sai na sama wanda aka jiƙa busasshen ganye a ciki ya koma kamar shayi. Burinsa kawai ya ga sun haihu.

Yau kwanansa sha ɗaya a asibiti, ciwon hanta ya kwantar da shi, idanunsa sun yi rawaya. Da safen nan kuma ta tarar macen, wadda ta saba gani toka-toka, ita ma ta koma rawaya. Ta maƙale a cikin ɓawon kwakwar da ya kife musu a ƙasan tankin, ta ƙi abinci, namijin na matsowa sai ta kai masa cizo. Ita ba ta san kifi ba, amma ta san rawaya. Tsoro ya cika ta.

Ta zubar da ruwan nan mai kama da datti, ta kwashe ganyen. A cikin ɓawon ta ga wasu ɗige-ɗige jajaye, ta sa soso ta kankare su tas. Ta mayar da kifayen cikin ruwa garai-garai, sannan ta bar keken ɗinkinta da kayan mutane, ta hau bas zuwa shagon mai sayar da kifin ado.

Ta nuna masa hoton da ta ɗauka a wayarta kafin wankin. "Malam, don Allah maganin wannan nake so."

Ya yi dariya. "Magani? Ai barka zan yi miki. In ta yi ƙwai haka take komawa. Suna manne a cikin ɓawon, jajaye. Kada dai a taɓa."

Ta ce, "In an taɓa fa?"

Ya dube ta, dariyar ta tafi. "Sai wani karon. Wata guda, in ta yarda."

Jiya likita ya ja ta gefe kan kwanakin da suka rage wa mijin, kuma bai yi mata maganar wata guda ba.

A ɗakin marasa lafiya ta same shi an jingina shi da filo, ruwa na ɗiga a jijiyarsa. Tun kafin ta zauna ya ce, "'Yar tela, ya yarana?"

Ta so ta faɗa masa abin da ta yi. Sai ta miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Fuskar da ta bushe kwana da kwanaki ta saki.

"Ta yi ƙwai," ya ce a hankali. "Kin gani? Ni na tafi asibiti, ita ta shiga ɗaki. Kwana uku su ƙyanƙyashe, rana ta bakwai ta fito da su kamar hayaƙi. Ki ɗauko mini hoto ranar."

"To."

Ya ɗaga hannu yana ƙirga kwanakin. A na biyar hannun ya gaza, ta riƙe masa shi.

"Bakwai ba yawa," ya ce. "Zan jira."

Ta lanƙwasa masa yatsu biyu na ɗayan hannun, ta ce, "Ka jira."