Sojan da Ya Bi Kaka Maƙabarta

Kakata Odessa ta rantse ba za ta mutu ba sai an sauke gunkin sojan nan daga dandalin kotu. A garinmu da ke kudancin jihar Jojiya ta Amurka, duk gawar da aka ɗauko sai motoci sun zagaya dandalin da ita kafin a kai ta makwanci. Kaka ta ce ba mai wucewa da ita a kwance ta ƙarƙashin mutumin da ya yi yaƙi don kakarta ta dawwama a bauta. Likita ya ce ba za ta ga Kirsimeti ba. Ta ga Kirsimeti, ta je jana'izar likitan.

A majalisar gari kuwa kullum ka-ce-na-ce. Jagoran masu kare gunkin shi ne Mista Purvis mai sayar da taya, wanda ke zuwa taro cikin rigar ulu irin ta sojojin wancan zamanin, a tsakiyar zafin Yuli. Tarihi yake karewa, in ji shi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ran da ya suma, Kaka ce ta yi masa fifita da maficin coci, tana gargaɗinsa kada ya kuskura ya riga ta mutuwa, so take ya ga saukar sojan da idonsa.

Da majalisa ta gaji, sai ta ce a mayar da soja maƙabarta, kowa ya huta. Muka soya kifi, muka yi rawa. Murna ta sa muka manta maƙabarta ɗaya ce a garin, shingen waya ya raba ta, fararen fata a kudu, mu baƙaƙe a arewa. Su Purvis kuma ba sa kafa soja sai yana fuskantar arewa, inda abokan gabansu suka ɓullo a yaƙin basasa. Suka dasa shi a jikin waya, ya zura wa filin da Kaka ta tanada kusa da mijinta ido.

Raina ya ɓaci ƙwarai, an gudu ba a tsira ba. Na turo Kaka a keken guragu ta gani, ina shirin komawa majalisa da faɗa. Muka tarar da Purvis yana goge wa soja takalmi. Ya cire hula yana kame-kame.

"Mama Odessa, Allah ya sani ba da gangan ba ne. In kin ce a juya shi, gobe a juya."

Kaka ta daɗe tana duban soja, ta dubi inda inuwarsa ta faɗa, daidai kan filinta.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce. "Kakata tana yarinya a tsaye take wuni a kan kakanninku, tana kora musu ƙuda suna barci. Yanzu ni zan kwanta, shi ya tsaya."

Kafin watan ya ƙare muka zagaya dandali da gawarta, babu kowa a samanta.