Gilashin Kantar Kicin

Adeyemi ya jingina gilashi na uku a bangon shagonsa, ya goge shi da tsumma.

"Ga su nan, Malama Jummai. Fari, kore, da mai ruwan ƙasa. Daga Kwatano suka shigo ta kan iyaka. Kauri gare su, ba irin na taga ba ne."

Jummai ta gama zaɓinta tun a gida. Fari take so a shimfiɗa a kan kantar sabon kicin ɗinta, irin wanda ta gani a gidan wata abokiyar aikinta a Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka dawo da ita da mijinta Bagudo, suka gina gida, har da ɗaki na mahaifiyarta. Sai dai Inna Mero ta ƙi barin Zagga. Idanunta sun yi yana, ita kaɗai take fama da murhu, amma da an yi maganar tashi sai ta ce ba a dasa tsohuwar bishiya. Yau ma asibiti Jummai ta kai ta, suka biyo ta kasuwa.

"Wai mi ya kai madubi madafa?" in ji Inna daga kan benci.

"Ba madubi ba ne, Mama," Adeyemi ya ce yana dariya. "Da an goge, tas. Ba tururuwa, ba wari."

Inna ta miƙe da sandarta. Ta yi taku kaɗan, sandar ta bugi farin gilashin, ƙwal! Adeyemi ya dafe ƙirji.

"Af! Ashe da wani abu nan?" in ji Inna.

Har mai shayin da ke gefe sai da ya dara. Inna ba ta kula ba. Ta matsa ga mai ruwan ƙasa, ta ce duhu gare shi, tsakuwa za ta ɓace cikin shinkafa. Da ta iso ga koren, sai ta tsaya, ta bi gefensa da yatsa.

"Wanga kam ina ganin bakinai. Amma a kashe kaifin nan."

"Inna, kore bai dace da fentin ba," in ji Jummai.

"Fenti ka girki? In ni zan yanka kuɓewa bisa abu, sai na gan shi."

Jummai ta juyo da sauri. Ta dubi mahaifiyarta, wadda ta kau da kai tana gyaran mayafi. Ta ƙara duban farin gilashin sau ɗaya.

"Baba Dapo," ta ce da Adeyemi, kamar yadda ake kiransa a kasuwa, "koren za a yanka."

"An gama. Laraba zan zo in kafa."

"Laraba ta yi kusa," in ji Inna Mero. "A bari sai Asabar. Ban samu wanda zan bar ma kajina ba tukuna."