Aljihun Sami Kuku

Shekara ashirin da biyu ina ɗinke bakin buhu a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, nan ƙasar Sudan, saboda haka in maganar ɗinki ake, kada wanda ya zo koya mini. Sunana Jummare. Siton da nake aiki na Ubaidullah ne, ƙanen marigayi mijina. Ni ke tankaɗe riɗi, in bakace, in an cika buhu in ɗinke shi da basilla. Daga nesa nake gane hannun da ya yi ɗinki, har in gaya maka ko mai shi yana cikin fushi lokacin da ya yi.

Ranar da Ubaidullah ya ɗauki Sami Kuku dako, ban ɓoye ɓacin raina ba. Sami mutumin Duwatsun Nuba ne, Kirista, ya girma a gonakin Hausawa har Hausa ta zauna a bakinsa. Ƙarfi kam akwai shi. Amma duk kasuwa ta san halinsa. Yana da ɗan ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu don a ga irin abin da ke ciki, yana ɓoye shi a hannun riga. Buhu na kafaɗarsa zai soka, riɗi ya tsiyaye cikin aljihu, babu wanda ya gani. Aljihu biyu cike, kwalba ɗaya ce ta aragi, giyar dabinon da ake sayarwa a wani gida bayan tashar motoci. Sito uku suka kore shi. Matarsa Marta ta kwashi 'yarsu ta koma wurin yayanta a Doka.

Sai ya ɓace wata da watanni, ya dawo da limamin cocinsu a gefensa, wai ya tuba. Ubaidullah kuwa zuciyarsa kamar man shanu a rana. Ya ce ya ɗauke shi, amma da sharaɗi: ƙwayar riɗi ɗaya aka samu a aljihunsa, ya tafi ke nan. Kowa ya san in sito na huɗu ya kore shi, babu na biyar. Limamin ya ƙara da cewa Marta ta yarda za ta dawo da Kirsimeti, in har ta same shi a wuri ɗaya yana aiki, bakinsa ba warin aragi.

Na ce wa Ubaidullah, "Kai dai ka ɗauko mana aiki."

Ya ce, "Haba Yaya, ki ba shi lokaci."

Na ba shi lokaci, amma ban ɗauke masa ido ba.

Abin da na fara lura da shi, hanya. Ɗakinsa yana can bayan tasha, in ya bi ta ƙaramar ƙofar kasuwa ba zai gama shan rake guda ba ya isa. Shi kuwa kullum sai ya fita ta babbar ƙofa, ya zagaya ta wurin masu albasa, ya ƙara wa kansa tafiya ninki uku bayan ya wuni da buhu a wuya. Mutumin da ba shi da wanda yake zuwa gani a ɓoye, me zai sa shi wannan wahala? Sannan ba ya zama shan shayi da sauran 'yan dako. Yana karɓar kofinsa ya koma gindin bango shi kaɗai, bakinsa na motsi, wai addu'a. Ni dai na sha ganin mai motsa baki yana lissafin abin da zai ɗauka.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne aljihunsa. Gajeriyar jallabiyarsa tana da aljihu biyu a gefe, duka biyun an ɗinke bakinsu ruf. Da zaren buhu, kuma irin nawa. Ɗinkin ma abin kunya, wani taku dogo, wani gajere, ga ƙulli a kan ƙulli, aikin namijin da bai taɓa riƙe allura ba. Kuma a ƙasan aljihun dama akwai wani ɗan tudu. Da ya sunkuya sai in gan shi.

Nan take na gane dabarar, ko in ce na ɗauka na gane. Ka ɗinke bakin aljihu daga waje, mai bincike ya kai hannu ya ji a rufe, ya ce Allah sarki, bawan Allah ya shiryu. Alhali ka huda shi ta ciki. Na taɓa ganin wanda ya yi haka da ƙafar wando. Tun daga ranar, duk buhun da Sami ya sauke sai na je na shafa shi ina neman huda. Ban samu ba. Rashin samun bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na ce lallai ya ƙware.

Saura mako biyar Kirsimetinsu, aka sake auna wani riɗi da aka kawo daga gonakin Doka, sai ya zo da sauƙi. Kowane buhu ya rage kaɗan. Ubaidullah ya damƙo, ya murza a tafinsa, ya ce an yanke shi da sauran ɗanye ne don tsoron ruwan ƙarshe, ya ƙarasa bushewa a sito. Haka ne, riɗi yana yin haka, ni ma na sani. Amma ranar ban so in sani ba.

Na tashi da wuƙar yankan zare a hannuna, na tare Sami a bakin sito, ga 'yan dako cike, ga direban motar da za a yi wa lodi.

Na ce, "Tsaya nan. Me ke cikin aljihunka?"

Ya sauke buhu a hankali. Ya ce, "Ba kome, ya Hajja. A ɗinke yake, kina gani."

"Ina gani mana. Shi ya sa na tambaya."

"Ki taɓa daga waje. Wallahi ba simsim ba ne, ko ƙwayar riɗi babu. Ki matsa shi yadda kike so, amma kar ki buɗe."

Ka ji fa, kar in buɗe! Ai da ya faɗi haka sai jinina ya tafasa. Ubaidullah ya taso yana cewa, "Yaya, halas, ya isa haka, ki bari," amma kafin ya iso na kama gefen rigar, na zura wuƙa. Ɗinkin da ya ɗauke shi Allah kaɗai ya san tsawon lokaci, ja biyu na farke. Na yi wa na hagun ma haka. Sami bai hana ni ba, ya dai ɗaga hannuwansa sama ya rufe ido.

Na juyo aljihun hagu waje. Ko ƙura babu, huda kuma babu. Na juyo na dama, wani abu ya faɗo ƙasa. Ɗan gicciye ne na itace, bai kai tsawon yatsa ba, igiyarsa ta tsinke.

Sami ya durƙusa ya ɗauka, ya goge shi da babban yatsa. Ya ce, "Na Marta ne. A kan ƙusa ta bar shi ranar da ta tafi."

Na ce, don in sami abin faɗa, "To mene ne na ɗinke aljihu kamar mahaukaci?"

Ya ce, "Abuna, limaminmu, ya ce in yi addu'a, ina yi. Amma hannun nan, Hajja, shekara goma sha biyar ya san hanyar aljihu. Ni ina addu'a, shi yana tafiya. Sai na rufe masa ƙofa. Hanyar tasha ma haka, ba na bi, don ƙafata ta san gidan."

Wani ɗan dako, Mutaz, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Mabruk, barka ya Sami, Hajja ta buɗe maka kanti!" Sauran suka taya shi. Ubaidullah ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, a koma aiki, mota na jira.

Sami ya matso kusa da ni, ya sassauta murya. Ya ce, "Ki ara mini basilla, in mayar da shi kafin in taɓa shawal." Buhu ke nan.

Da na ba shi, da labarin ya ƙare nan. Amma kunya ta riga ta kama ni a gaban maza, ni kuwa in na ji kunya fushi take zame mini. Na ce, "Basillata ba ta aro ba ce. Zaren ma da ka ɗiba ban yafe ba tukuna." Na juya masa baya.

Buhu ɗari da wani abu aka loda ranar. Na zauna kan tabarmata ina tankaɗe, idona a kansa. Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini kyau ba: so nake ya ɗiba. So nake a ce Jummare ta yi gaskiya. Ina ganinsa yana riƙe kunnuwan buhu da hannu biyu, ya ƙanƙame fiye da yadda ake bukata, bakin aljihun na lilo a gefensa. Gumi yake kamar an watsa masa ruwa, alhali da sauran sanyi-sanyi. Can wajen azahar wani tsohon buhu ya fashe a kusurwa yana kafaɗarsa, riɗi ya dinga zubo masa ta ƙirji. Ya shige bayan mota da shi, na daina ganinsa. Da ya fito bai kalli inda nake ba.

Bayan la'asar aka sallami 'yan dako. Ubaidullah ya tafi wurin ma'auni yana magana da direba. Ni kuwa na ga Sami ya nufi ƙaramar ƙofa, wadda bai taɓa bi ba tun zuwansa.

Na ja mayafina na bi shi. Zuciyata har da wani daɗi-daɗi, Allah ya yafe mini. Na laɓe bayan rumfar mai gyaran taya. Ya tafi har bakin lungun da ke shiga gidan aragi, ya tsaya. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, aljihun kuwa ya kumbura, wannan karon ba ɗan tudu ba. Mutane na wuce shi, mai amalanke ya yi masa tsawa ya ba da hanya, ya matsa taku ɗaya ya sake tsayawa. Wani ya leƙo daga lungun ya kira sunansa, da alama tsohon abokin sha ne. Sami ya ɗaga ƙafa, ya mayar.

Na jira daɗin nan ya ƙaru, sai na ji babu shi. Ni da na zo kama ɓarawo, sai ga bakina yana cewa, kar ka shiga, don Allah kar ka shiga. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, shi a tsaye a rana, ni a laɓe cikin warin taya.

Sai ya juyo. Da sauri yake tafiya, kamar ana bin sa. Na riga shi komawa da ƙyar, na faɗa kan tabarmata ina haki.

Ya zo ya durƙusa a gabana, ya jawo faifaina, ya juye aljihun a ciki. Riɗi fari tas, cikin tafi uku zai yi. Ya kakkaɓe har ƙwayar ƙarshe, ya tsince waɗanda suka maƙale a ɗinkin gefe.

Ya ce, "Na ɗiba, Hajja. Ba zubowa ya yi ba, ni na tara hannu. Ga shi. Ki gaya wa Ubaidullah, hakkinsa ne. Amma ki ɗinke mini tukuna. Gobe ma akwai simsim a duniya."

Ga abin da na yi wata biyu ina nema, a kan faifaina. Ƙwaya ɗaya aka ce, ga dubbai. Ban taɓa ƙin ganin riɗi ba kamar ranar.

Ubaidullah ya shigo da makullai a hannu. Ya kalli faifan, ya kalli aljihun da ke zazzage, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Na ce, "Riɗinka ne. Ya ɗiba, ya kai har bakin lungu, ya dawo da shi da ƙafarsa, ina kallo. Wata biyu aljihun nan a rufe, ni na buɗe, ya roƙe ni basilla na hana. In kora ce, ka fara da ni."

Ubaidullah ya daɗe yana juya makullan. Sami bai ɗaga kai ba. Can Ubaidullah ya sunkuya, ya ɗauki faifan, ya juye riɗin cikin buhun da ke buɗe kusa da ƙofa. Ya ce, "Gobe motar garin Fau da sassafe za ta zo, ya Sami. Kar ka makara." Ya fita.

Na zare zare mai tsawon hannu biyu, na ninka, na zura a basilla. Sau uku ina kuskuren kafar, ni da nake zurawa ido rufe. Na ce, "Matso. Ka tsaya cik, in na soke ka ba ruwana."

Ya ce, "Dakata, Hajja." Ya buɗe tafinsa na hagu, ashe gicciyen nan yana ciki tun safe, har ya yi masa shaida a fata. Ya saka shi a aljihun dama, ya ɗaga hannuwansa sama kamar ɗazu.

Na yi masa irin ɗinkin da nake wa buhun da zai tafi tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, taku biyu-biyu, a je a dawo, wanda ba ya farkewa sai an sa wuƙa. Ina gamawa na yanke zaren da haƙori. Wuƙar tana nan kan tabarma, ban iya taɓa ta ba.