Turmin Ilu Mai Gyaɗa

Duk kasuwar Rogo an san Ilu ba ya sayen gyaɗa da ido. Ƙwaya ɗaya zai zaro daga tsakiyar buhu, ya ɗora a haƙorinsa na turmi na dama, ya ɗan danna. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotse, ya karkaɗe hannu ya wuce. Masu ƙuli-ƙulin Tudun Kaya shi suke aika, don bai taɓa kawo musu mai danshi ba.

To wannan turmin ne ya yi kogo. Ilu ya cusa kanumfari, ya narka kakin zuma ya liƙe bakin ramin, ya ce ya gama da shi. Bayan mako guda, ko ruwan randa ya kurɓa sai ya dafe kunci. Matarsa Tasalla ta tasa shi gaba har asibiti a Karaye.

Likitar haƙori, wata matashiya mai suna Munawwara, ta leƙa bakin.

"Baba, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni da hannuna. Bai yi kyau ba?"

"Ka taɓa ɗinke buhu da gyaɗa mai danshi a ciki?"

"Allah ya kiyaye! Ai ruɓewa za ta yi."

"To haka ka yi wa haƙorinka."

Tasalla ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ilu ya gyara zama.

"'Yata, in cirewa ne, ki bar ni da abina. Shi ne sana'ata."

"Ruɓar ba ta kai jijiya ba, Baba. Zan kankare ta tas, in cike ramin. Cikon yana ɗauke da maganin da ke hana ƙwayoyin cuta sake zama."

"Kamar barkonon da ake barbaɗa wa wake a rumbu?"

"Kusan haka. Amma kwana biyu kada ka tauna da shi."

"Ni zan tsare shi," in ji Tasalla. "Ko tuwo sai ta hagu."

Ranar kasuwa, Ja'afar, wani manomi da ya ji labarin haƙorin Ilu ya mutu, ya buɗe masa buhu yana murmushi. Ilu ya zura hannu har gwiwa, ya zaro ƙwaya, ya ɗora ta dama, ya danna. Ko gezau bai yi ba, ƙwayar kuwa ta lotse.

"Ja'afar, mai da ta rana. Sauranta kwana biyu."