Abin da ke Aljihun Shitu

Indo ba mace ce mai binciken aljihun miji ba, ko dai haka take gaya wa kanta, har zuwa azumin shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mijinta Shitu direba ne, yana jan motar Alhaji Gwadabe daga Kibiya zuwa birni, fasinja a ciki, buhunan gero a sama. A wannan azumin ne ya tsiri wata ɗabi'a. Kullum da hantsi kafin ya fita tasha sai ya zagaya bayan rumbu, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya juya wa gida baya. Rannan ta leƙa ta kafar danga, ta ga ya zaro wani ɗan abu shuɗi na roba, ya girgiza shi, ya kai baki ya zuƙa, kuma rana ta riga ta fito sarai.

Kowa ya san abin da ake cewa direbobi na sha a tasha don kada barci ya sace su. Ga shi kwanakin nan tari ba ya barinsa, in ya fara magana sai ya tsaya a tsakiya kamar mai shirya ƙarya. A ranta ta hango shi an riƙe masa wuyan riga a kasuwa ana cewa ga mai shan ƙwaya da azumi, ita kuma ta rasa inda za ta sa fuskarta a unguwa. To ta yaya za ta tambaye shi? Shitu ɗin da ko "ina za ka?" aka ce masa sai ya ɓata rai?

Ranar kasuwa yana wanka ta zare abin daga aljihunsa, ta ƙulle a bakin zani. Ya fito a gurguje don lodi ya cika, ko bayan rumbun bai leƙa ba, ya zura riga ya tafi. Ita kuwa ta yafa mayafi ta nufi ɗakin shan magani, inda 'yar ƙanwar babarta Asma'u ke aiki. Ta ajiye abin a kan tebur ta ce a hanya ta tsinta, tana son jin ko cikin kayan maye yake.

Asma'u ta dube ta, duban wadda ta san ta tun tana tallan gyaɗa. Ta ce wannan maganin asma ne, abin da tsofaffi ke kira fuka. In ƙura ko ƙaiƙayi ya toshe wa mai ciwon ƙirji, shi yake shaƙa hanyar iska ta buɗe. Ta ce mutanen da ake kawo mata rai a hannun Allah a lokacin sussuka, rabinsu da suna da wannan a aljihu da ba su zo ba. Indo ta ce to azumin fa? Asma'u ta ce wannan a tambayi malamai, ita dai ta san numfashi ba ya jiran magariba.

"Yaya Indo, ki bar zancen tsintuwa. Mai shi yana ina yanzu?"

Yana kan hanya, da buhu takwas na sabon gero a samansa. Indo ba ta san lokacin da ta hau bayan ɗan acaɓa ba, ita da ke zagin matan da ke hawa. Tsoro ya cika ta, da haushin kanta.

Gab da Rano suka tarar da motar a gefen titi. Shitu na zaune a ƙasa ya jingina da taya, kafaɗunsa na hawa suna sauka, ƙirjinsa na ƙara kamar mai yin fito, hannunsa ɗaya na ta lalube a aljihun da ba komai. Fasinjoji sun kewaye shi, wani na yi masa fifita da hula, wani na tofi. Indo ta kwance bakin zani ta miƙa masa. Ya zuƙa, ya jira, ya sake zuƙa. A hankali kafaɗun suka lafa.

Kafin ya iya miƙewa labari ya kai ga Alhaji Gwadabe, ya iso da wani direba. Bai yi faɗa ba. Ya yi wa Shitu sannu, ya ce rayukan mutane ba abin wasa ba ne, ya miƙa hannu. Shitu ya ba shi makullin.

Da motar ta tashi ta bar su su biyu a bakin titi, ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi bakin zaninta da ke kwance.

"Shekara biyu ina ɓoye wa Alhaji," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da kin tambaye ni, Indo."

Ta buɗe baki za ta ce da ka gaya mini, sai ta ji har yanzu ƙirjinsa na ɗan fito. Ta fasa, ta ɗauko masa takalminsa.