Birki a Gefen Fasinja

Fargaba, a ra'ayin Malam, ciwo ne na wanda bai yi karatu ba. Mai ilimi iyakarsa ya yi tsantseni. Da wannan fahimta ya ɗauki nauyin koya wa matarsa mota, domin an mayar da ita reshen ofishinsu na bayan gari, kuma motar haya ba ta kai ta sai an gama taron safe. An riga an ja mata kunne kan makara.

Ta zauna a kujerar direba, ta gyara madubi, ta tayar da mota lafiya lau.

"Kada gabanki ya faɗi," in ji Malam.

"Bai faɗi ba."

"Haka masu fargaba suke cewa."

Suka hau layi. Ƙafar Malam ta dama ta shiga taka birkin da masu ƙera mota ba su taɓa sa wa gefen fasinja ba.

"Baban Auta, zufa kake yi."

"Zafi ake yi."

"Gwiwarka fa? Rawa take."

"Injin ne. Ke dai dubi hanya."

"Ko zullumi ne?"

"Zullumi tunanin abin da bai zo ba ne. Fargaba kuwa faɗuwar gaba ce. Ni ba ni da ko ɗaya. Kyanwa!"

Kyanwar tana can kan katanga tana lasar ƙafa, ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Malam ya yi tsantseni: ya cafke sitiyari ya murɗa. Motar ta bar titi, ta je ta gaida ƙofar gidan maƙwabcinsu tela.

Tela ya fito da almakashi a hannu, ya dubi ƙofarsa da ta lanƙwashe, ya dubi wadda ke kujerar direba. Mutane suka taru. Ta kalli mijinta. Leɓensa ya bushe, ga wasu ɗalibansa na jami'a cikin 'yan kallo.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Hannuna ne ya kufce."

Nan take muryar Malam ta dawo.

"Fargaba ce, maƙwabci. Na yi ta faɗa mata."

Ya sanar a gaban kowa cewa an dakatar da darasi har sai ta samu natsuwa, ya karɓi makulli ya jefa aljihu. Tela ya yaba masa haƙuri.

Washegari ta fita da sassafe, ta tsaya a bakin titi da jakarta. Motar haya ta zo a cike, ta wuce. Ta bayanta ma haka.