Dawowar Tahirou Daga Sarar Rake

Bido biyu na ruwa, wato jarkoki, yake ɗauke da su lokacin da ya durƙusa a ƙofar gidana. Ƙarar bidon na fara ji, sai ga ruwa ya malalo har ƙarƙashin murhun da nake dafa waken sayarwa.

"Tahirou! Lafiya?"

"Jiri ne kawai, Yaya Maimouna," in ji shi. Ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna.

Shekara bakwai muna maƙwabtaka a unguwar Ganou, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa ganinsa zaune a ƙasa ba sai a kan sallaya. Shi ne mai saɓa buhun masara shi kaɗai a tashar Gare, direbobi suna tafa masa. Duk rani yakan tafi kudu, gonar wani kamfanin sukari, ya yi wata biyar yana sarar rake. Ranar kwanansa tara da dawowa.

Da na sunkuya zan kama shi sai na ga ƙafafunsa. Sun kumbura har igiyar silifas ta nutse cikin nama.

Matarsa Zoulaïha ta fito da gudu, hannunta duk kumfar sabulu.

"Yaya, kwana uku ke nan bai yi fitsari ba. Shi ya hana ni faɗa."

"Kwana uku? Kuna zaune?"

Muka tare masu babur biyu. Aka sa shi a tsakiya, Zoulaïha ta riƙe shi ta baya, ni ina biye har asibiti.

Likitar mace ce. Bayan azahar sakamakon jini ya fito, ta duba ta sake dubawa.

"Wane aiki yake yi?"

"Sarar rake," na ce.

Ta ajiye biro. "Madame, c'est grave, abin ya yi tsanani. Ƙodarsa duka biyu sun tsaya. Kuma ba yau suka fara lalacewa ba, an yi shekaru."

Na ce mata ko takardar wani ce aka kawo. Mutumin nan shekararsa talatin da shida, ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Ta juyo mini takardar, ga sunansa a sama. Ta ce sai wankin ƙoda, kuma sai jibi za a samu gurbi. Zoulaïha ta zame jikin bango ta zauna, bakinta a buɗe, ba kuka.

Shi kuwa da muka faɗa masa bai yi mamaki ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

"Haka Mourtala ya yi bara," ya ce. Mourtala abokin sararsa ne, ɗan Djougou. "Ƙafa ta fara. Aka ce jifa aka yi masa. Ba jifa ba ne, Yaya."

Ya ba mu labarin da bai taɓa bayarwa ba. Ana cinna wa gonar wuta don ganye ya ƙone, su shiga da sassafe toka da sauran ɗuminta, su yi ta sara har la'asar. Tankin ruwa yana can ƙarshen gona, wanda ya je sha 'yan layinsa su bar shi a baya. Sai su tsotsi rake, in baya ya riƙe su haɗiyi ƙwaya biyu su ci gaba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" Zoulaïha ta tambaye shi.

"Na ɗauka in na huta zai wuce." Ya juyo gare ni. "Ki kira mini Muntasir. Ni da hannuna na rubuta masa suna a kamfanin, rani mai zuwa tare za mu tafi. Ki ce na ce kada ya je."

Muntasir ƙanensa ne, yana noman doya a Kolokondé. Sau biyar na kira kafin waya ta shiga, abin da ya iya ji kawai shi ne yayansa yana asibiti. Ya ce gobe zai kamo mota.

Washegari da hantsi na tarar Tahirou zaune, yana yi wa Zoulaïha tsiya wai ta tsufa cikin kwana ɗaya. Ya ce kunun gyaɗa yake marmari. Na koma gida na dama, na zuba a kwano mai murfi. Ban yi awa ɗaya ba.

A bakin ɗakin na haɗu da Muntasir, jakarsa a kafaɗa, yana tsaye bai shiga ba. Na leƙa. An ja zane har kan Tahirou.

"Yanzu fa muka yi magana," na ce wa wata nas da ke ɗakin. "Kunu ya ce in kawo." Ta ce zuciyar ce ta tsaya. Na maimaita mata zancen kunun, ban san sau nawa ba, har sai da wani ya karɓi kwanon daga hannuna.

Bayan la'asar aka kai shi. Ranar sadakar uku na ja Muntasir gefe, na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya daɗe yana kallon yaran Tahirou uku da ke cin tuwo a kwano ɗaya.

"Na ji, Yaya," ya ce. "Amma doya ba ta yi ba bana. Waɗannan kuma yanzu a wuyana suke." Bai ce zai je ba, bai ce ya fasa ba.

Da mutane suka watse, Zoulaïha ta buɗe buhun da mijinta ya dawo da shi, ta fito da kayan aikinsa, riguna biyu da wando, sun yi tauri da ruwan rake. Na kama mata muka jiƙa su a baho. Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ta zubar a gindin katanga, ta sake zuba wani. Muna zaune muna jira su jiƙu, tururuwa suka yi layi zuwa inda ruwan farko ya kwanta.